Sawu a Gonar Dawa

A gindin gadar Dindima nake dafa shayi,
inda Gongola ke wucewa ba sallama.
Tsofaffi biyu gare ni, ba sa biyan bashi,
ba kuma sa fashin gardama.

Jatau mutumin Gumau ne, daga yamma.
Kafaɗarsa ɗaya ta ɗara ɗaya tudu,
wai ɓauna ce ta gyara mata zama
a wani kwazazzabo bayan Lame,
shekarar da fari ya kori Fulani kudu.
Zailani kuwa ɗan Duguri ne.
Ƙarar adaka ta cinye kunnensa na dama,
in kana da magana sai ka zagayo hagu.

Jatau ya kurɓa, ya ce: "Gabas ai faranti ce,
makaho ma ya harba sai ya kayar.
Mu can dutse ne bisa dutse,
gora ta haɗa kai ta hana rana shiga,
damisa na reshe tana ƙirga maka numfashi.
Gwankin Burra in ya tsaya kan tsauni,
sirdi kawai ya rage masa.
Kwana uku kana bin sa da rarrafe,
ran na huɗu ya shinshino ka, ya bar maka ƙura."

Zailani ya ce: "To dutsen kuka ci?
Zo bakin Gaji da bazara ka ga kasuwa,
gwambaza, kanki, mariya,
ɓauna garke guda ta fi shanun Jauro Bappa yawa.
Toron giwa ya jingina da giginya,
ya girgiza ta don 'ya'ya biyu kacal.
Sango ɗaya ubana ya saki,
ƙauye uku suka ci banda har shuka."

"Ai an kewaye muku, an zuba 'yan gandu.
Yanzu sai da tikiti kake gaida gwaggon biri."

"Gara namu, ko ba a ci ana kallo.
Naku fa? Kullum ta kan gadar nan yake wucewa,
buhu kan buhu, baƙi ƙirin a tirela.
Kirya da marke sun tafi birni dafa shinkafa."

Daga nan sai shiru.
Cokali kaɗai ke magana cikin kofi.

Wata Laraba, damina na naɗe tabarma,
direban a-kori-kura ya tsaya shan ruwa,
ya ce giwaye sun ɓallo cikin dare,
sun kwana a dawar wani bawan Allah
can bayan Alkaleri.
Na kife tukunya. Muka ɗare bayan mota,
ba kwari, ba albarushi, ba kan burtu,
sai sandar Jatau da man shafa na ciwon gwiwa.

Ba mu same su ba. Mai gona muka samu
zaune kan kunya, ya yi tagumi hannu biyu,
wahalar shekara kwance kamar shimfiɗa.
Ga kashi tuli-tuli da sauran ɗuminsa.
Ga sawu a laka, ya kai faifai.
Ya ɗago ya ce, "Ku maharba ne?"
Suka haɗa baki, karo na farko a sanina:
"A da."

Jatau ya tuɓe takalmi.
Ya zura ƙafa ɗaya, ya zura ta biyu,
duka suka shige, har da sauran wuri.
Ya daɗe tsaye, laka na fitowa tsakanin yatsunsa.
Can ya ce, "Ƙarama ce.
Ta Burra ta ninka ta."
Sai dai maganar ta karye a tsakiya
kamar karan da muke takawa.

Zailani, da bai taɓa barin zance ya faɗi ƙasa ba,
ya dubi gabas, ya gyara hula,
ya juya masa kunnen dama.